Whistleblower: da wane suna za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Jiya da daddare ina fassara wata takardar wayar da kai, na zo kan whistleblower, wato wanda ya ga ana almundahana a wurin aiki ya fito ya faɗa, na tsaya cak. Abin da kunnena ya saba ji a rediyo shi ne "mai tona asiri", "mai tsegunta bayanai", wani lokaci "mai fallasa". Hannuna ya ƙi rubuta ko ɗaya.

A wurinmu asiri abu ne da ake roƙon Allah ya rufa. Ka durƙusa ka gaida tsohuwa, ka miƙa mata ɗan kuɗin goro, me za ta ce? "Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira." To yaya za mu ɗauki mutumin da ya ga ana wawure kuɗin asibiti ya yi magana, mu raɗa masa sunan mai tona abin da kowa ke fatan a rufa masa? Tsegumi ma ya fi muni. Mai tsegumi shi ne mai kai gulma daga wannan zaure zuwa wancan, kuma ba wanda ke so a kira ɗansa da shi.

Wani malami ya yi mini sharhi cewa ai muna cewa "Allah ya tona asirin azzalumai". Gaskiya ne, Allah ya ƙara sani. Amma ka lura, Allah muke bar wa tonon. Da zarar ɗan'adam ne ya yi, sai a ce ba ya riƙe sirri.

Na gani da idona. Wani yayana yana aiki a sashen albashi na wata ƙaramar hukuma, ya tarar da sunayen matattu a takardar biya, har da na wani dattijo da shi da kansa ya tsaya a sahun jana'izarsa. Ya rubuta wa na gaba da shi. Ba a yi wata biyu ba aka cilla shi wani ƙauye mai nisa. Wannan bai ci masa rai ba kamar abin da ya biyo baya a unguwa: in ya doso majalisa bayan Isha'i sai hira ta mutu, wani ya gyara zama a kan tabarma ya ce a hankali, "ga ɗan rahoto nan". A gidan biki kuwa aka ce wa matarsa mijinta ya shiga tsakanin mutane da abincinsu.

Turawan ma sun sha wannan fama. A farkon shekarun 1970 Ralph Nader, ɗan fafutukar Amurka, ya yayata whistleblower domin a daina kiran irin waɗannan mutane da sunayen 'yan rahoto. Kalmar hoton alkalin wasa ce da ke busa usur in an yi keta. Wasu sun ba ni shawarar "mai busa usur", amma Bahaushen da ya ji haka filin ƙwallo zai tuna.

Kuma maganar ta wuce ta fassara. A Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayyar Najeriya, lokacin minista Kemi Adeosun, ta fito da tsarin ba wa wanda ya kai bayanin kuɗin gwamnati da aka sace ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. A Afrilun 2017 hukumar yaƙi da almundahana ta EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, Legas, bayan an ba ta labari. Sai dai tsari ne na ma'aikata, ba doka ba, kuma ƙarfinsa a kan lada yake. Abin da yayana ke bukata a lokacin kariya ce, kada a taɓa aikinsa. Ghana tun 2006 take da dokarta a kan wannan. In za mu matsa wa 'yan majalisarmu su yi irinta, da wane suna za mu je gaban jama'a? "Dokar kare masu tsegumi"? Wa zai fito ya goyi bayanta?

"Mai ankararwa" da wata Hajiya ta kawo ta burge ni, kuma 'yan'uwanmu na Nijar za su ji ta kusa da lanceur d'alerte ta Faransanci. Illarta sanyi. Mai tuna maka lokacin shan magani ma ankararwa yake yi.

Ni dai na tsaya a kan "mai kwarmata ɓarna". Kwarmato ɗaga murya ne a bainar jama'a, ba raɗa a kunnen shugaba ba, kuma 'yan jarida sun riga sun saba da "kwarmata bayanai". Abin da na sauya shi ne abin da ake kwarmatawa. Bayanai na iya zama sirrin gidan kowa, ɓarna kuwa ba wanda zai miƙe ya ce a rufa mata asiri. Jam'i: masu kwarmata ɓarna. Na gwada ta a jimlar da ta tsayar da ni jiya, "haƙƙin gwamnati ne ta kare mai kwarmata ɓarna daga kora da sauyin wurin aiki na ramuwa", ta zauna daram.

Da ita zan miƙa takardar ranar Litinin. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mini in "kwarmata" tana da wata ma'anar dabam a bakinku kafin lokacin.