Tambaya kan Jane Austen da masu ɗora wa labaranta, sata ce ko me?

Zee_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Ni dai ban taɓa sanin wata Jane Austen ba, fim ɗin Indiya kawai na sani, wancan na Aishwarya Rai ɗin nan Bride and Prejudice na 2004, muna yara muka yi ta kallonsa a sidi har ya kakkarce. Sai bara wata ƙawata da ta karanta Turanci a jami'a take ce min ai labarin ba na Indiyawa ba ne, littafin wata Baturiyar Ingila ne Pride and Prejudice da ya fito tun 1813, ta ara min nata. Babi goman farko na sha wuya wlh, Turancin mutanen da ne, kowane layi sai na duba ƙamus a waya, amma da na iso wajen da Darcy ya zo neman auren Elizabeth yana cewa yana sonta duk da danginta ba sa'anninsa ba ne ita kuma ta wanke shi tas, ban san lokacin da miyata ta kama ba sai da Umma ta jiyo ƙauri daga ɗaki.

To da na gama na shiga intanet neman irinsa sai na ga ashe kasuwa ce guda, wani ya sake rubuta labarin daga bakin Darcy, wani ya ci gaba da rayuwarsu bayan aure, wani ma har gawarwaki masu tafiya ya zuba a ciki. Me matar nan take da shi da shekara ɗari biyu da mutuwarta ba a bar ta ta huta ba? Sannan wannan ɗore-ɗoren ba sata ba ce? Dalilin tambayar, ƙanwata tana rubuta nobel a gurup ɗin WhatsApp kuma ta dage sai ta mayar da labarin Kano, ni kuma na ce mata wankiya za a ce ta yi. In kuma akwai wanda ya cancanci karantawa a cikinsu ku faɗa min, kar in ƙona data a banza.

Tsohon_Ticha:
Wa alaikumussalam 'yata. Maganar sata tukuna. Austen ta rasu ranar 18 ga Yuli 1817 a Winchester tana da shekara 41, kuma dokar haƙƙin mallaka a Ingila da ma nan Najeriya shekara 70 take kare littafi bayan mutuwar mai shi, don haka nata sun daɗe da zama rijiyar gari, kowa ya zo da gugarsa. Abin kunya shi ne mutum ya ɗiba ya ce shi ya haƙa. Ƙanwarki ta rubuta a shafin farko cewa a kan labarin Austen ta gina, shi kenan ta fita.

Kuma ɗorin ba yau aka fara ba, daga cikin gidansu ma aka fara. Akwai labarin da ta soma ta ajiye, The Watsons, 'yar wanta Catherine Hubback ta ɗauka ta ƙarasa ta fitar a 1850 da wani suna. A 1913 wata Sybil Brinton ta kwaso mutanen littattafan nan shida ta zuba su a littafi ɗaya tana aurar da waɗanda suka yi saura. Shida ne fa kacal, huɗu tana raye, biyu bayan rasuwarta, to mai karatu ya cinye shida ya side kwano dole ya nemi ƙari. Na ƙarshen ma Sanditon tana cikin babi na 12 ciwo ya ci ƙarfinta, shi ya sa kowa ke kawo nasa ƙarshen, har talbijin suka yi nasu a 2019.

Abin da ke ba ni tausayi, sunanta bai taɓa hawa bangon littafi ba tana raye, na farkon a 1811 cewa kawai aka yi wata mace ce ta rubuta. Pride and Prejudice ɗin da kike yabo fam 110 ta sayar da shi ɗungurungum ga mai buga littattafai, yau ga hotonta a takardar fam goma ta Ingila tun 2017. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Abubakar Imam da ya zauna rubuta Magana Jari Ce ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu riga da hula har yaro a firamare zai rantse a Katsina aka yi su. Wa ya taɓa ce masa ɓarawo?

DanMarna87:
Ni fa ku yi min afuwa, mata ne kawai suka ɗora matar nan a ka. Na gwada karantawa, daga shan shayi sai rawa sai wance ta ziyarci wance, a zamanin da Napoleon ya hana Turai barci ita tana lissafin wa ya gayyaci wa rawa sau biyu. Kuma a cire wa Darcy fam dubu goman da yake samu a shekara da katafaren gidan nan Pemberley mu gani ko akwai wacce za ta jure girman kansa, talaka ya yi wannan miskilancin a ce ba shi da tarbiyya, mai kuɗi ya yi a ce aji ne lol. Rabin masu ihun nan ma ba littafin suke so ba, Colin Firth da ya fito a Darcy suke so tun da BBC ta yi nata fim ɗin a 1995, wajen da ya fito daga tafki a jiƙe ɗin ma babu shi a littafin kwata-kwata. Marubucin Amurka Mark Twain ya fi ni zafi, cewa ya yi duk sanda ya karanta Pride and Prejudice ji yake kamar ya tono ta ya kwaɗa mata ƙashin ƙafarta a ka. Ni wanda ya ɗan burge ni shi ne na gawarwakin nan na 2009, aƙalla an zare takobi.

Anty_Halima:
DanMarna ƙanena, “duk sanda ya karanta” fa ka ce, sau nawa kenan ya karanta? Wanda ba ka so ai ba ka komawa gidansa.

Maganar kuɗi kuma ba ka kama ta da laifi ba, ita ta fara faɗa da bakinta, babu marubucin da na sani mai lissafin aljihun mutanensa kamarta, kafin saurayi ya zauna kin san abin da yake samu a shekara. Zee, amsar tambayarki ta farko kenan a wajena. Soyayyar miya ce kawai, tuwon shi ne tsoro, gidan su Elizabeth 'ya'ya mata biyar ba namiji, gida da gona an ɗaure su a doka sai namiji zai gada, ranar da uban ya faɗi wani ɗan uwa can Mista Collins zai iya cewa su kwashe kayansu. Na fara karanta shi ina aji biyar a sakandare ina ta dariyar uwar saboda surutu da rashin kamun kai. Yanzu ina da 'yan mata huɗu a gabana, babbar ta gama bautar ƙasa shekara biyu kenan, duk bikin da na je sai wata ta matso ta ce Hajiya har yanzu shiru? Da na sake karantawa bana wlh ban yi dariya ba, ita kaɗai ce a gidan ta san abin da ke tafe, mijin yana can ɗakin karatu ya rufe ƙofa yana yi mata shaguɓe, shekara ashirin da wani abu bai ajiye wa yaran ko sisi ba.

Sai Charlotte ƙawar Elizabeth, shekara 27, ba kyau ba kuɗi, ta amshi Collins ɗin da Elizabeth ta ƙi ido buɗe, ta ce ita gida take nema. Ta zaɓi ɗakin baya ta zauna, tana zuga shi ya riƙa fita aikin lambu don ta samu iska. Don Allah wacece a nan ba ta san Charlotte ko ɗaya a danginsu ba? Kuma Austen ba ta zage ta ba ba ta yabe ta ba, ta bar mana ita haka. Ita kanta ta san wannan daren, a Disamba 1802 wani mai gadon dukiya Harris Bigg-Wither ya nemi aurenta ta ce to, gari na wayewa ta ce ta fasa. Babansu ya rasu 1805, ita da uwarta da yayarta Cassandra suka yi ta yawon gidajen haya da na dangi sai 1809 wansu Edward ya ba su gida a ƙauyen Chawton, a nan ta gyara tsofaffin rubutunta ta yi sababbi. To ta san kuɗin wannan a'ar da ta ce.

Shi ya sa yawancin na ɗorin nan ba sa yi min, sun ɗauke Darcy sun zubar da tsoron da habaicin, sai ya zama attajiri miskili da 'yar talaka mai tsiwa, irin wanda ake turo mana goma a rana a gurup.

Ummu_Twins:
Anty kin taɓo mu marubutan onlayin fa, amma gsky kika faɗa lol. Zee ki ce wa ƙanwarki ni na taɓa gwada abin da take son yi na tsaya a shafi na 30, kuma ga inda na maƙale. Gado. A Musulunci mutum ya mutu ya bar mata da 'ya'ya mata biyar, matar tana da tumuni, 'ya'yan suna da biyu bisa uku, ragowar ne ke zuwa ga 'yan uwansa maza, to ta ina Collins ɗinki zai kore su daga gida? Sannan fisabilillahi wane Alhaji ne a Kano zai yi shekara ashirin ba ɗa namiji dangi su zuba masa ido bai ƙara aure ba? Da kishiya ta shigo kuwa labarin ya zama wani daban. Sai dai ta nemo wani abin da zai riƙe musu wuya, ko gidan kwatas ne na gwamnati ritaya saura wata takwas, ko gidan gado ne da ba a raba ba baffa ya riƙe takardu. In ta samo wannan sauran mai sauƙi ne, wajen rawa ya koma kamu da dina, wasiƙar Darcy ta zama dogon saƙon da ake turowa ƙarfe biyun dare, gwaggonsa Lady Catherine kuwa Hajiya Babba ce mai tambayar waye ubanki a garin nan, wannan ko ƙirƙira ba sai an yi ba. Guduwar Lydia ƙanwar Elizabeth da soja ma mu za mu fi Turawan yanzu gane nauyinta, su sai an yi musu bayani me ya sa laifin ɗaya zai hana huɗu aure.

Na karantawa kuma, ki fara da Unmarriageable na Soniah Kamal, 2019, a Pakistan aka ajiye shi, bukukuwan kamar namu, kwana da kwanaki ana gasar kaya. Sai Ayesha at Last na Uzma Jalaluddin, Musulmin Toronto ne a Kanada, Darcy ɗinsu ustaz ne mai gemu da jallabiya sunansa Khalid, uwarsa yake jira ta zaɓa masa mata. Amma wanda ya tsaya min a rai Longbourn ne na Jo Baker, 2013, daga bakin 'yan aikin gidan. Kin tuna inda Elizabeth ta taka mil uku cikin taɓo don duba yayarta muna ta yaba mata? To a nan za ki ga yarinyar da za ta wanke wannan siket ɗin da hannu cikin sanyi har fatarta ta tsattsage. Ranar da na gama shi na kasa haɗa ido da mai yi mana wanke-wanke. Death Comes to Pemberley na P.D. James kuma ni bai yi min ba, kisan kai ne da kotu, Elizabeth ɗin ta zama salaha ba baki, duk da na jinjina wa tsohuwar tunda tana da shekara 91 ya fito.

Tsohon_Ticha:
DanMarna, yaƙin yana ciki, ba ka duba ba ne. Sojojin da Lydia ke bi me ya kawo su ƙauyen in ba tsoron Faransa ba? 'Yan uwan Austen biyu Francis da Charles sojan ruwa ne, dukansu sun kai admiral. Ka nemi Persuasion, jarumin da kuɗin ganimar jiragen abokan gaba ya dawo neman wacce aka hana shi shekara takwas baya saboda ba shi da komai. Ina jin wannan zai fi shiga ranka.

DanMarna87:
Malam an taɓo min inda yake min ciwo, ni ma an taɓa hana ni. Zan nema.

Zee_Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Anty Allah Ya kawo wa ƙannenmu nagari. Na tura wa ƙanwar tawa duka, ta ce ta ɗauki na kwatas ɗin, uban ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Yanzu rigimar da muke yi ita ce ta ce Charlotte ɗinta ta biyu za ta shiga a gidan Collins, ni na ce ta uku ya fi. Ummu Twins ki duba inbox ta turo miki shafin farko.