Wace kalmar Hausa za ta ɗauki ma'anar homozygosity?

Malamai da masu fassara, ina so mu tsayar da magana a kan wannan kalma ta ilimin gadon halitta, domin sau da yawa ina ganin an fassara ta da "tsantsar jini", kuma fassarar ba ta kwanta mini ba.

Ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, an jera su bibbiyu har 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, saboda haka kusan kowace ƙwayar gado kwafi biyu ce a jikinsa. Idan kwafin uwa da na uba suka zo iri ɗaya a gurbi guda, wato mazaunin ƙwayar gado a kan kuromosom, abin da kalmar ke nufi ke nan. Masanin ilimin gadon halitta William Bateson ne ya shigo da ita a 1902, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "iri ɗaya" da "karkiya", kamar shanu biyu masu kama da juna da aka ɗaura wa karkiya guda.

A dubi takardar gwajin sikila. Mai AA da mai SS duka sun shiga ƙarƙashin wannan kalma, mai AS ne kaɗai ya fita. Nan ne "tsantsa" ta gaza, domin a kunnen Bahaushe yabo ce, alhali kalmar ba ta yabo ba ta kushe, kuma ta haɗa lafiyayye da mai fama da amosanin jini. Ƙari a kan haka, ba mutum ɗungurungum take siffantawa ba, gurbi ɗaya take nufi, shi ya sa mai AA zai iya kasancewa da kwafi mabambanta a dubban gurabe.

Na ɗan yi sha'awar "tagwayen gado", amma mai karatu zai zaci maganar haihuwar 'yan biyu ake yi, kuma tagwaye ma ba dole su yi kama ba.

Abin da na fi natsuwa da shi shi ne "gadon bai ɗaya", mai shi kuma a ce "mai gadon bai ɗaya a gurbi kaza". Kishiyarsa ta zama "gado mabambanci". Na ƙi "gauraye" da gangan, tunda A da S ba sa cuɗewa a jikin mai AS, kowanne yana wucewa ga 'ya'ya yadda yake. Sai mu gwada a jimla: idan iyaye biyu masu AS suka haihu, a kowane ciki yiwuwar samun ɗa mai gadon bai ɗaya rabi ce, kashi ɗaya cikin huɗu AA, kashi ɗaya SS. Wanda ya ji jimlar ta yi masa nauyi a baki, ya kawo tasa mu auna.