Me ya sa mutanen Ostireliya ke girmama yaƙin da aka ci su?

Danlami_Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena dake karatu a Melbon ya turo min bidiyo, jama'a maƙil tun kafin asuba cikin sanyi, tsofaffi da lambobin yabo a ƙirji, ana busa bigila kowa yayi tsit. Wai ranar Anzac ce, ranar tunawa da sojojin Ostireliya da Niyu Zilan, 25 ga Afrilu. To ai a Galipoli ɗin 1915 da ake tunawa, can ƙasar Turkiyya lokacin yaƙin duniya na farko, Turkawa ne suka yi galaba, ya akayi kaye ya zama abin alfaharin ƙasa guda?

MalamSule_Asawase: Wa alaikumus salam Danlami. Lokacin ƙasar jaririya ce, sai a 1901 yankunansu suka haɗe, kuma wannan ne babban yaƙin farko da suka shiga da sunan Ostireliya. Babu wanda aka tilasta, kowa da ƙafarsa yaje ya bada suna. Wata takwas suna cikin rami a gefen tsauni, ruwan sha a ƙididdige, abinci naman gwangwani da biskit mai taurin tsiya, ga ƙuda ga atini, sama da 8,000 nasu basu dawo ba. Shi yasa wanda suka fi ambato ba janar bane, wani mai ɗaukar masu rauni ne, John Simpson Kirkpatrick, da jaki yake sauko da waɗanda aka harba zuwa bakin teku harsashi na wucewa ta kansa, kullum haka har aka kashe shi ranar 19 ga Mayu, ko wata ɗaya baiyi a wurin ba. Har yau mutum-mutuminsa da jakin na nan a gidan tunawa da yaƙi na Kanbera.

HajiyaRabi_Nima: Gaskiya ne Malam, amma a faɗi ɗayan ɓangaren. Baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar suma sun je yaƙin, da suka dawo yawancinsu ko gonar da aka rabawa tsofaffin soja basu samu ba. Abin yana min ciwo don irinsa akayi mana a nan Gana. Kakana yaje yaƙin Bama (Burma), ya dawo da tari da akwatin ƙarfe ɗaya, alƙawuran da aka musu shiru. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 da tsofaffin soja suka nufi fadar gwamna dake Osu a Ankara da takardar kokensu ai harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey akayi. Allah ya jiƙan magabatanmu.

Danlami_Aboabo: Amin Hajiya. Wallahi jikina yayi sanyi, yaranmu nawa suka san wannan?

MalamSule_Asawase: To kai da kake Kumasi ai gidan tarihin soja na nan a tsohon Fot, kusa da Adum. Kai su suga kakin da bindigogin da idonsu, ka basu labarin Alhaji Grunshi, sojanmu da ake cewa shi ya fara harbi a ɓangaren Ingila a 1914 a Togo. In ranar Asabar zaku je ka kira ni, zan zo da ɗalibaina.