Neman shawara kan sayen sabuwar na'urar wasan bidiyo tun farkon fitowarta

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon da yara ke biyan kuɗi su buga wasan bidiyo, kuma wani ɗan'uwana da ke Dubai ya ce zai saya mini sabuwar na'ura da zarar ta shigo kasuwa, amma na kasa yanke shawara.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne tarihin rukunin farko na irin waɗannan na'urori. Xbox 360 ta fito a 2005, sai da yawa suka riƙa mutuwa suna nuna jar wuta a maɓallin kunnawa, har Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya a 2007 don gyara, ya kuma tsawaita garanti zuwa shekara uku. Wanda ke Amurka ya amfana da hakan, amma mai shago a Kano da aka kawo masa tasa a cikin jaka, wa zai mayar wa? PlayStation 5 kuma da ta fito a 2020 ta yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka tsawwala farashi.

Tambayata ga masu gyara da masu shigo da kaya ita ce: shin garantin na'urar da aka saya a Dubai yana aiki idan ta lalace a Najeriya? Kuma wata nawa kayan gyaranta kan ɗauka kafin su iso hannun masu gyara a nan, ganin cewa a shago na'ura kan wuni a kunne, cikin zafi da wutar janareta?