Neman shawara: an yi min tayin fili a bayan Katy, amma sunan wata na gani a shafin haraji

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar filaye a nan Amurka, musamman mazauna Teksas. Wani abokin aikina Ba'amurke, wanda muka daɗe tare kuma ban taɓa ganin abin ƙi a wurinsa ba, ya yi min tayin fili eka biyu a bayan garin Katy, yamma da Houston. Abin da ya ja hankalina shi ne ya yarda in ba da kafin alƙalami, sauran in riƙa biya wata-wata babu kuɗin ruwa. Kun san wahalar samun irin wannan a ƙasar nan ga mai gudun riba. Ya ce mu rubuta yarjejeniya tsakaninmu, ranar da na gama biya sai ya miƙa min takardar mallaka.

To, na shiga shafin ofishin da yake ƙiyasta harajin gidaje da filaye, sai na ga sunan wata mata a kan filin. Da na tambaye shi, ya ce mahaifiyarsa ce, ta rasu, kuma tun daga lokacin shi yake biyan harajin, don haka filin nasa ne. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma gumina ne da na iyalina zan zuba. Ina zan je in tabbatar da mai filin, kuma me zan nema in na je? Shin biyan haraji yana mayar da fili na mutum?

Kawun Sugar Land:
Wa alaikumus salam. Baban Amira, kada ka ba da ko dala ɗaya tukuna. Ba ina nufin abokinka macuci ba ne. Yana iya yiwuwa shi kansa bai san matsayin filin a doka ba.

Abin da yake ruɗa mutanenmu shi ne mun saba da takardar shaidar mallaka irin ta gida, wadda gwamna yake sa wa hannu, ka riƙe ka ce ga shaidata. A Teksas babu irinta. Akawun gunduma karɓar takarda kawai yake yi, ya buga mata lamba da rana, ya adana. Ba ya rantse maka cewa wanda ya sayar shi ne mai abin. Shaidar mallaka ita ce jerin takardun nan, wannan ya ba wannan, wancan ya ba wancan, har a iso kan wanda yake tsaye a gabanka. Inda jerin ya yanke, nan mallakar ta tsaya a rubuce. Shafin da ka duba kuwa na masu haraji ne, su damuwarsu su san inda za su aika takardar biyan kuɗi.

Sannan ka fara gano gundumar da filin yake. Teksas tana da gundumomi 254, kowacce da nata kundin, kuma Katy ta ratsa uku: Harris, Fort Bend da Waller. Akawun Harris yana Houston, na Fort Bend yana Richmond, na Waller yana Hempstead. Adireshin gidan waya ba ya nuna maka wannan. Mutum sai ya yi ta laluben kundin Harris bai ga komai ba, ya ce fili babu bashi, alhali takardun suna Hempstead.

Maman Hanif:
Kawu ya gama magana, bari in ɗora da yadda ake binciken, don irin aikin da nake yi ke nan a ofishin wani lauya mai harkar gidaje.

Yaya, daga shafin harajin nan ka kwafo abu biyu: lambar filin, da bayaninsa na doka, wato ko dai lambar fuloti da rukuni da sunan unguwar da aka yanka, ko kuma sunan tsohon awon da filin yake ciki idan ƙauye ne. Kundin akawu da sunayen mutane aka jera shi, ba da adireshi ba. Jeri biyu ne, na masu bayarwa da na masu karɓa. Ka sa sunan mahaifiyar a jerin masu karɓa, za ka ga takardar da ta shigo da filin hannunta. Ka karanta ta da kyau: ita kaɗai aka rubuta ko da mijinta? Bayanin filin ya yi daidai da wanda ka kwafo? Daga nan ka ɗauki sunan wanda ya sayar mata, ka neme shi shi ma a masu karɓa, kana komawa baya.

Sai ka juyo gaba, kuma nan ne aikin yake. Ka sa sunanta a jerin masu bayarwa daga ranar da ta saya zuwa yau. Duk abin da ta yi da filin zai fito: ko ta jinginar da shi ga banki, ko ta yanki wani ɓangare ta sayar, ko ta ba kamfani izinin ratsawa da bututu ko turakun wuta. In ka ga takardar jingina, dole ka nemi takardar sakin ta. In babu saki, ka ɗauka bashin yana nan har sai an nuna maka akasin haka. Ka gwada sunan ta hanyoyi daban-daban, da sunanta na gidan uba da na gidan miji, domin kuskuren harafi ɗaya yana ɓoye takarda.

Kada ka tsaya a kanta. Ka bincika sunan abokin naka shi ma. In kotu ta taɓa yanke masa hukuncin bashi aka shigar a gundumar, ko hukumar harajin tarayya, wato IRS, tana bin sa haraji, ko akwai kuɗin ciyar da 'ya'ya da bai biya ba, duk waɗannan suna iya maƙalewa a kason da ya gada. Hukuncin bashin da aka shigar yana kai shekara 10 a Teksas, kuma ana iya sabunta shi.

Game da gado, abin da za ka nema ɗayan biyu ne. Ko fayil a kotun gado da ya nuna wasiyya da wanda aka naɗa ya kula da dukiyar, ko takardar rantsuwar magada, wadda mutum biyu da suka san mamaciyar kuma ba su da rabo suke sa wa hannu, suna lissafa aurenta da 'ya'yanta. In babu ko ɗaya, to a rubuce filin bai bar hannun mamaciya ba.

Ɗan Maraɗi:
Ni dai na sha jin ana cewa a Teksas in ka biya harajin fili shekara biyar ya zama naka. Ashe ba haka ba ne?

Maman Hanif:
Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Dokar shekara biyar ɗin tana buƙatar mutum ya kasance da takardar mallaka da aka shigar a kundi da sunansa, yana kuma zaune ko yana amfani da filin a bainar jama'a, sannan ga biyan harajin. Tsakanin magada ma ta fi tsauri, ana maganar fiye da shekara goma da sanarwa ga sauran. Rasidin haraji shi kaɗai ba ya cinye rabon kowa. In uwar ta rasu ba miji ba wasiyya, 'ya'yanta daidai-wa-daida suke rabawa a dokar jihar, mace da namiji. Abokin Baban Amira kasonsa kawai zai iya sayarwa. Kamar ka sayi gonar gado ne a hannun ɗa guda kafin a raba, ka wayi gari kana tarayya da mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Malam na Bronx:
Allah ya saka muku. Ga masu karantawa daga wasu jihohi, ku sani sunan ofishin yana canzawa. Mu a birnin New York manhajar ACRIS muke shiga, tana da takardun Manhattan, Bronx, Brooklyn da Queens tun daga 1966, amma na Staten Island suna wurin akawun gundumar Richmond. A Jojiya akawun babbar kotun gunduma ne yake riƙe su, a Connecticut kuma akawun gari.

Baban Amira, shawarata ta fuskar zumunci ce. Kada ka tunkari mutumin nan da zargi. Ka ce masa kana son cinikin, kuma kana son a bi ta hannun kamfanin taitil, wato masu binciken tarihin mallakar fili su kuma ba da inshora a kanta, don kare ku duka biyun. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Kawun Sugar Land:
Malam ya kawo abin da nake shirin faɗa. Binciken da za ka yi da kanka don ka buɗe idonka ne, ba zai maye gurbin kamfanin taitil ba. Su za su ba ka takardar alkawarin inshora, a sashenta na C su jera duk abin da sai an gyara kafin su tsaya maka, a sashen B kuma abin da ba za su ɗauki nauyinsa ba. Sau ɗaya ake biyan kuɗin inshorar, kuma a Teksas hukumar inshora ta jiha ce take yanke farashin, don haka ba ka da wahalar zagayen neman mai araha.

Tsarin biyan da ya kawo maka kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ka yi shekaru kana biya takarda tana hannunsa. In ya rasu, ko aka maka masa bashi, ko 'yan'uwansa suka taso, da me za ka kama? Akwai hanyar da ta fi. Ya rubuta maka takardar mallaka mai waranti, wadda a cikinta yake lamunce maka cewa filin nasa ne, tun ranar farko, a shigar da sunanka, kai kuma ka sa hannu a takardar jingina da za ta ba shi damar karɓe filin in ka kasa biya. Haka ba ya tilasta kuɗin ruwa, sai dai ya tambayi akanta yadda IRS take lissafa irin wannan cinikin a harajinsa. In kuma ya kawo maka takardar da suke kira kwitkilem, ka mayar masa. Abin da take cewa kawai shi ne ya bar maka duk abin da yake da shi a filin, in yana da shi.

Hajiya Umma:
Ɗana, ni ruwa zan tuna maka. Mun ga abin da guguwar Harvey ta yi a watan Agustan 2017. Gidaje da yawa a bayan madatsun ruwa na Addicks da Barker da ke yammacin Houston sun cika da ruwa, alhali wasu unguwannin ɓangaren Fort Bend an rubuta gargaɗin a jikin taswirar yanka filayensu, da ƙananan haruffa, tana ajiye a ofishin akawu, akasarin masu gidajen ba su taɓa ganinta ba. Ka nemi taswirar naka filin ka karanta duk rubutun gefenta, ka kuma duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Ƙasar wajen nan shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya saurin wucewa.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Filin a Waller yake. Na samu takardar da mahaifiyar ta saya da ita, sunanta ne ita kaɗai, kuma ban ga jingina ba. Ban ga takardar magada ba, ban ga fayil ɗin gado ba. Na yi wa abokina magana yadda Malam ya ce, bai ji haushi ba. Ya ce yana da ƙanne mata biyu, da wani wansa da ya rasu ya bar yara. A cewarsa duk sun bar masa, amma da baki ne. Wani abu kuma, a tsohuwar takardar wanda ya sayar mata ya rubuta cewa ya riƙe man fetur da iskar gas da ke ƙarƙashin ƙasar. Wannan zai hana ni gini?

Maman Hanif:
Madalla, Yaya. Fayil ɗin gado ka neme shi a gundumar da ta zauna har ta rasu. In a Houston take, kotunan gado na Harris za ka duba, ba Waller ba. Bari da baki ba ya aiki a kan fili, sai ƙannen sun sa hannu a takardar mallakar ko sun rubuta masa tasu. Rabon wan nasa kuma bai ɓace ba. In ya riga uwar rasuwa, 'ya'yansa ne suke tsayawa a gurbinsa. In bayanta ya rasu, kason ya shiga nasa gadon, har matarsa tana iya samun haƙƙi. In akwai ƙaramin yaro a ciki, sai kotu ta shiga kafin a sayar da kasonsa, kuma wannan yana cin lokaci.

Riƙe ma'adinai abu ne da aka saba gani a Teksas, ba ya hana gini. Sai dai mai ma'adinan yana da damar amfani da saman ƙasar gwargwadon buƙatar haƙo su, sai in ya yafe wannan damar a rubuce, don haka ka sa lauya ya duba ko akwai yafewar. Ka kuma koma shafin harajin ka ga ko an ƙiyasta filin a matsayin ƙasar noma ko kiwo. In haka ne, ranar da ka canza shi zuwa gida za a iya bin ka bambancin harajin shekara uku na baya, gara ku rubuta tun yanzu wa zai biya. Kafin alƙalamin kuwa a ajiye shi a asusun amana na kamfanin taitil, da sharaɗin a dawo maka da shi in magadan ba su cika sa hannu ba.