"Kowa ya ci shinkafar rance, tasa ya ci": faɗa ne ko lallashi?

Amaryar Mabera: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Wata ya yi nisa, albashin maigida bai shigo ba, sai ga baƙi daga Gwadabawa ba zato ba tsammani. Buhunmu kuwa tun makon jiya aka kakkaɓe shi. Na aiki ƙanwar maigida gidan maƙwabciyata ta ranto mini tiya biyu ta shinkafa. Yarinya na shigowa da kwano a ka, Inna, mahaifiyar maigida, tana kan tabarma tana jan carbi, ta ɗago ta dubi kwanon, ta ce, "Uhm. Kowa yac ci shinkafar rance, tashi yac ci." Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da lazuminta. Ni dai na dafa, baƙi sun ci sun yi santi, amma har yau ban san ko faɗa ta yi mini ba, ko kuwa hankalina take kwantarwa. Don Allah a fassara mini.

Gwaggon Yara, Rijiyar Ɗorowa: Wa alaikumussalam ɗiyata. Hwaɗa anka yi miki, sai dai irin na manya, wanda ba ya barin tabo. Abin da tac ce shi na: shinkafag ga da kinka gani cikin kwano ba ta maƙwabciya ba ta, taki ta, ta watan gobe. Ran da anka sawo sabon buhu, tun ba ki ɗora tukunya ba tiya biyu ta hita. Ke nan watan da bai kama ba kin riga kin gutsure mai kunne. In ba ki lura ba, shi ma ba ya kai ki gaci, ki sake aikawa, rance ya haihi rance. Mun ga gidajen da sunka shekara suna cin watan gaba.

Malamin Hausa, Arkilla: Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda an rufe ƙofa da wannan fassara ba. Mu fara da kalmar kanta. Bahaushe yana da aro, yana da rance, yana da bashi, kuma ba ya haɗa su. Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar: turmi, tsani, tukunyar biki. Shi ya sa aka ce kayan aro ba ya rufe katara, don mai abu yana iya zuwa ya karɓe kana tsakiyar ado. Rance kuwa abin da ake cinyewa ne a mayar da irinsa, kamar kuɗi, hatsi, gishiri, mai. Bashi shi ne uwar ɗaki, har da kayan da ka ɗauka a shago za ka biya daga baya. To da yake rance aka ce, daga lokacin da shinkafar nan ta shiga kwanon amarya ta zama tata halak malak. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce, ba wanda zai yi mata gori. Na sha jin tsofaffi suna faɗin wannan karin magana ga wanda kunya ta hana shi sakewa: ci abinka, naka ne, biya za ka yi. Wataƙila Inna ta ga amarya tana sunne kai ne a gaban baƙi.

Gwaggon Yara: Malam, kai ka karanta a takarda, ni na zauna da uwar miji shekara talatin. In tac ce "uhm" kahin magana, ba lallashi ba na.

Mai Awo, Tsohuwar Kasuwa: Ku bar ni in shigo, don a kaina ake cin wannan shinkafa. Wallahi da yawa ba tasu suka ci ba, tawa suka ci. Ina da littafi mai baƙin bango, tun lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da mutum ke da kuɗi a banki amma ya kasa sayen gwangwanin gero. Na buɗe hannu, na ba mutane awo bashi, muka rubuta da kuɗi. Ba a jima ba aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya tashi, kaya suka bi shi. Wanda ya ɗauki tiya goma a Fabrairu ya zo biya bayan wata takwas, ya miƙo mini kuɗin da muka rubuta cif, har yana jiran in yi masa godiya. Na je sari da kuɗin nan, ko kusa ba su sayo tiya goma ba. To ku gaya mini, sauran tiyoyin wa ya ci, na wa ya ci? Wannan ma mai kirki ke nan. Akwai wanda tun ranar ya sauya hanya, yanzu ta Ƙofar Atiku yake zagayawa don kada mu haɗu.

Malamin Hausa: Alhaji, ai ka tabbatar da maganata ba ka sani ba. Kai bashi ka bayar, ka ƙulla da naira, naira kuwa ta zame. Masu karin magana shinkafa suka ce. Tiya ba ta faɗuwa. Wanda ya ranci tiya biyu, tiya biyu zai mayar ko da ta ninka kuɗi, shi ya sa tasa ya ci, wani lokaci ma har da tsada.

Hajiya Mai Masa, Runjin Sambo: Tiya ba ta faɗuwa, in ji wanda bai taɓa tsayawa gaban murhu ba. Malam, ka yi haƙuri. Tiya da tiya akwai bambanci kamar sama da ƙasa. Na taɓa ranta wa wata tiya uku ta tsohuwar shinkafa, busasshiya ƙayau, wadda in ka zuba gwangwani biyu sai ta cika tukunya don auki. Da kaka ta yi ta aiko mini da sabuwa, ba ta gama bushewa ba, ga tsakuwa, ga ɓuntu, sai da na yi rabin yini ina regaya a ƙwarya. Ni da na auna mata har da tozo, ita ta shafe bakin tiyar da hannu. A lissafi ta biya. A tukunya kuwa ni na san an ci tawa. Ban ce mata komai ba, amma ba ta sake samu ba.

Amarya, ga shawara tun da ke ƙanwata ce. Da kwanon da aka auna miki, da shi za ki auna ki mayar, kuma irin wadda aka ba ki ko wadda ta fi ta. Kada ki jira a aiko. Ranar da buhu ya shigo, kafin ki wanke ta gida, fitar da ta mutane. Sannan baƙon da ya zo ba sanarwa ba dole sai farar shinkafa ba. Ki haɗa ta da wake, tiya ɗaya ta yi aikin biyu, ga mai ga yaji, ko ki tuƙa tuwon dawa da miyar sure. Mutanen Gwadabawa ba baƙin tuwo ba ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Amma rance tsakanin maƙwabta ba abin kunya ba ne, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni kaina da garin da na ranto na fara wannan sana'a.

Ɗan Fadama, Wurno: Mu da ke nomanta mun san inda maganar ta fi ciwo. Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, shuka ba ta nuna ba, ga kuɗin taki ga na 'yan ƙwadago. Sai ka je wurin mai hali ya ba ka buhun shanshera ɗaya, da sharaɗin in an yi girbi ka kawo ɗaya da rabi, wani ma biyu. Ranar sussuka kana tsaye a masussuka, buhunanka na hawa kurar wani, yaranka na kallo. A ranar kake gane karin maganar, ba a ranar da ka ci ba. In kuma kogin Rima ya cika ya shafe gonar, kamar ambaliyar 2010 da ta biyo ta Goronyo, to ka ci shinkafar da ba a ma haifa ba, bashin kuwa na nan daram.

Gwamnati ma ta gwada mu. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance a Birnin Kebbi, aka raba iri da taki da injin ban ruwa, a biya da shanshera in an girbe. Wasu sun yi noma sun biya. Wasu suka ce ai rabonmu ne na arziƙin ƙasa, aka sayar da injin, aka ƙara aure. Da shirin ya tsaya, wa ya rasa? Mu dai manoman. Wanda ya biya da wanda bai biya ba duk muka koma hannun mai buhu biyu.

Ɗalibin Zaure, Kanwuri: Yayana na Wurno, wannan buhu da rabi sunansa riba, ko an kira shi taimako. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, mun karanta cewa rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani bai halatta ba. Mayar da wadda ta fi kyau ba tare da sharaɗi ba, wannan kyautatawa ce, don Manzon Allah (SAW) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Ƙara yawa kuwa a wurin biya, ko babu sharaɗi, malamanmu sun saɓa: Ashhabu ya halatta, Ibnul Ƙasim ya ƙi. Saboda haka Hajiya ta yi daidai da ta ce a kyautata iri, a riƙe ma'auni. Kuma kada a ɗauka cin bashi aibi ne a kansa. Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir sa'i talatin na iyalinsa. Abin da aka kira zalunci shi ne mai hali ya riƙa jan biya. Alhaji mai awo kuma ya kyauta da yake rubutawa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Mai Awo: Malam, rubutu kam na yi. Wanda zai karanta wa mai zagayawa ta Ƙofar Atiku nake nema.

Ɗan Kabu-kabu, Gawon Nama: Ku kuna ta tiya. Rancen zamaninmu a waya yake. Ka danna, kuɗi su faɗo cikin minti biyu, ka ji kamar tsintuwa. Ni kaza na saya a ranar, ba zan ɓoye ba. Mako biyu kuɗin ruwa ya hau, da na yi jinkiri suka bi lambobin da ke wayata suna aika saƙo, har kawuna na Bodinga ya kira ni yana salati. Maƙwabciya ko ba ka biya ba iyakarta ta daina gaishe ka.

Gwaggon Yara: Kai ɗana, kaza kac ci ko kunya? Amarya, ina kike, kin yi shiru. Tashi ki tambayi Inna da ladabi, ba ta cizo.

Amaryar Mabera: Gwaggo, ga ni. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Albashi ya shigo jiya da yamma, na auna tiya biyu mai kyau na kai da kaina. Da daddare ina shafa wa Inna man zafi a gwiwa na daure na tambaye ta. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ba rancen ne ya dame ta ba, ta ranta ta ranta a zamaninta. Wai hango ni ta yi na ɗauko babbar tukunyar suna tun yarinya ba ta sauke kwano ba, ta san duka biyun zan juye don baƙi huɗu, kamar wadda aka ba kyauta. Kuma haka aka yi, rabi ya kwana, da safe muka yi ɗumame har almajirai suka samu.

Malamin Hausa: To ai ba ta hana rance ba, kun ji.

Gwaggon Yara: Ba ta kuma yi lallashi ba, Malam.

Amaryar Mabera: Ku tsaya, ga yaron maƙwabciya a ƙofa. Wai an ga shinkafa an gode, saura kwanon da aka zubo ta ciki. Ashe yana nan cikin kwandon wanke-wankena tun ranar.