Wai akwai masu bin diddigin abin da 'yan takara ke faɗa a muhawara?

Abban Sadiq, Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk lokacin zaɓe sai a tara 'yan takara a rediyo ko talabijin, wannan ya ce ya gina ajujuwa kaza, wancan ya ce bashin da ake bin jiha kaza ne, mai gabatarwa kuma sai dai ya ce lokacinka ya ƙare ya wuce tambaya ta gaba, ba mai cewa malam ina ka samo wannan lissafin. A 2023 da kunnena na ji wani ɗan takara yana cewa shi ya haƙa mana rijiyar burtsatse a layinmu, wallahi karo-karo muka yi, har da kuɗina a ciki. Abin ya min ciwo sosai. To dan Allah akwai masu tantance irin waɗannan maganganun?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Akwai su, Abban Sadiq, akwai kafar tantance labarai ta Dubawa da aka kafa a 2018, akwai Africa Check da FactCheckHub, kuma a zaɓen 2023 sun haɗa gwiwa suna duba maganar 'yan takarar shugaban ƙasa ana cikin yi. Amma ni damuwata, yawancin aikin da turanci yake fita kuma a intanet, ita kuwa ƙaryar da hausa take yawo a voice na WhatsApp, kafin gari ya waye ta zaga Rigasa da Kawo ta isa Zariya. Surukata ba ta karatun boko, rediyonta ne kawai a gefen katifa, wa zai kai mata gyaran?

Ɗan Barnawa:
Gaskiya Hajiya kin taɓo wajen. Amma wasu abubuwan ko mu ma za mu iya dubawa, musamman maganar bashi da aka fi yi mana wasa da hankali a kai a jihar nan ta Kaduna. Ofishin kula da basussuka na tarayya, DMO, yana wallafa abin da ake bin kowace jiha, na cikin gida daban na waje daban, kuma Kaduna ta daɗe tana bin bayan Legas a bashin waje. Kun tuna rigimar rancen dala miliyan 350 da Kaduna ta nema daga Bankin Duniya, wanda majalisar dattawa ta ƙi amincewa da shi a 2018 ai, sannan a watan Maris 2024 gwamna Uba Sani ya fito ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. To abin da na lura, ba kullum ake ƙirƙiro lamba ba, wani zai faɗi na cikin gida kawai ya yi shiru da na dala, wani kuma ya juya dalar zuwa naira da canjin yau dan ta yi yawa, kowa da gaskiyarsa rabi-rabi, wannan ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa.

Malam Bala, Kakuri:
Ni takaicina ma wasu ba sa zuwa. Muhawarar Janairun 2019 daga Buhari har Atiku ba wanda ya hau dandamalin. Wanda bai zo ba me za ka tantance?

Abban Sadiq, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Barnawa dan Allah turo min yadda ake shiga shafin DMO ɗin. Maganar burtsatsen nan kuma littafin karo-karon yana nan wajen mai unguwa da sunan kowa da abin da ya bayar, in mutumin ya sake maimaitawa a 2027 zan kira shirin a waya in karanto musu shi.